Kafin A Cire Baba Mai Almakashi Daga Zaure

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta teloli, wanda kuma shi ne shugaban wannan taro. Iyayen ƙungiya maza da mata, waɗanda suka fara taka keke tun ba a haifi wasunmu ba. Mai tsawatarwa, wanda nake roƙon ya ajiye agogonsa na ɗan lokaci. 'Yan'uwana masu ɗinkin maza da masu ɗinkin mata. Da ku na kujerun baya da kuka sunkuyar da kai kuna latsa waya, kuna zaton ba na ganinku: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku fatan alheri.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ina kuma godiya gare ku da kuka rufe shaguna da rana tsaka, kuka bar masu kaya suna kiran waya ba a ɗauka. To, wannan kam ba sabon abu ba ne a wurin tela.

Maganar da ke gabanmu guda ɗaya ce. Mutum ashirin da uku sun sa hannu a takarda, suna neman a cire Baba Mai Almakashi daga zauren ƙungiya na waya. Ga baƙinmu da ba su san shi ba, Baba shi ne tela mafi tsufa a cikinmu, rabin mutanen ɗakin nan a ƙarƙashinsa suka koyi riƙe almakashi, sauran rabin kuwa a wurin waɗanda ya koya wa. Shekara biyu ke nan da idonsa ya yi rauni, ya daina ganin kafar allura, ya koma gida ya zauna. Ni ne magatakarda, ni ne mai makullin zauren, yatsana ne zai danna idan kuka ce a danna. Shi ya sa na nemi in yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a.

Na farko, masu ƙara ba su yi ƙarya ba, kuma ba zan tsaya a nan in ce sun yi ba. Mun buɗe zauren nan don sanarwa da cigiyar yadi, Baba ya mayar da shi gidan rediyo. Shi ne ya turo mana kyanwa tana taka keken ɗinki, ya ce mu ji tsoron Allah, duniya ta zo ƙarshe. Da aka gaya masa haɗin na'ura ne, cewa ya yi: "Ko ma haɗi ne, ta fi wasunku miƙe layi." Shi ne ya turo mana ɗan siyasa yana rantsuwa zai raba kekuna kyauta, alhali mutumin bai taɓa faɗa ba, bakinsa kawai aka ara. Shi ne ya kwana uku yana sasanta auren wata mawaƙiya da ba ta san yana duniya ba. Shi ne ya ce a sa albasa a cikin safa don maganin ciwon baya, kuma ina da labarin wanda ya gwada, yana zaune a layi na biyu, ba zan nuna shi ba. Sai kuma saƙonnin murya, minti bakwai, minti tara, har wayoyinmu suka cika suka fara ƙin ɗaukar hoton samfurin ɗinki. Duk wannan ya faru.

Na biyu, kuma a taƙaice, mu ma ba wankakku ba ne. Ranar da aka yi musun ƙwallo a zauren nan, saƙo ɗari uku na ƙirga, babu na Baba ko ɗaya. Ranar da musun zaɓe ya sa mutum biyu suka daina gaisawa a bakin shago, Baba ba ya ciki. Babu wanda ya rubuta takarda a kan waɗannan.

Na uku, shi ne abin da ya tayar da ni tsaye. Ina so kowa ya tuna yadda tela yake sauraron saƙo. Ka danna shi, ka ajiye wayar a kan yadi, ka taka keke. Farkon maganar kake ji, sauran ƙarar keke ta cinye. Idan ka ɗaga ƙafa saƙon ya ƙare, wayar kuma ta nuna wa mai shi cewa ka saurara. Haka nake yi, haka kuke yi, haka muka yi wa Baba shekara biyu.

Wata uku da suka wuce, ina tsakiyar ɗinkin kayan makaranta, na danna saƙonsa na taka keke kamar kullum, sai aka ɗauke wuta. Shagon ya yi tsit, muryarsa kaɗai ta rage. Yana ta bayani a kan zaɓen wata ƙasa mai nisa da bai taɓa zuwa ba, har ya gaji. Sannan ya ce: "Wanda kekensa ke ba shi wahala, ya ɗauki ƙararsa ya turo mini, zan gaya masa ciwonsa. To, sai na ji ku." Ya ajiye wayar, amma ya manta bai tsayar da ɗaukar muryar ba. Na ji kujera ta yi ƙara. Na ji ya kira matarsa, wadda dukanmu muke ce wa Inna.

Ya ce: "Hajiya, duba mini, an amsa na jiya?"

Ta ce: "Ba a amsa ba, Malam. Aiki ne ya yi musu yawa."

Ya ce: "Haka ne, lokacin kayan makaranta ne. Amma ya nuna sun ji?"

Ta ce: "Ya nuna."

Ya ce: "To, alhamdulillahi."

Jama'a, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara sana'a. Na koma baya na bi tsofaffin saƙonninsa, ina tsallakewa zuwa ƙarshe. Bayan kyanwa, bayan mawaƙiya, bayan albasa, maganar nan tana nan kusan a kowanne: wanda kekensa ke ba shi wahala ya turo mini ƙararsa. Shekara biyu yana miƙo mana hannu, mu kuma muna taka keke.

Da wuta ta dawo, na ɗauki ƙarar wani kekena da ya yi wata guda yana tsallake ɗinki, na tura masa. Amsar ba ta kai rabin minti ba. Ya ce: "Allurarka ta lanƙwashe, kuma ka matse zaren sama. Sassauta shi, ka ɗiga mai a ƙoshiyar zaren ƙasa. Tun kana gabana ba ka son sa mai." Na yi yadda ya ce, keken ya miƙe. Kwana uku cur Baba bai turo siyasa ba, bai turo waƙa ba, sai tambayar lafiyar keken. A rana ta huɗu, da ba wanda ya sake turo masa komai, kyanwa ta dawo.

Na je gaishe shi, na same shi ya kusa manna wayar a hancinsa. Na ce: "Baba, me ya sa kake turo mana duk abin da ka gani?" Ya ce: "Ai da can idan na shigo shago da sabon samfuri nake zuwa muku. Yanzu ba ni da abin kawowa sai abin da wayar ta ba ni. Ko in zo hannu rabbana?"

Saboda haka ga roƙona. Ban ce ku yarda da kyanwa mai ɗinki ba, ban ce ku sa albasa a safa ba. Idan ya turo ƙarya, a gaya masa ƙarya ce, cikin ladabi, yadda ya riƙa warware mana ɗinki idan mun karkace ba tare da ya kore mu daga shago ba. Mu kusan ɗari ne a zauren nan, kowa da kekensa, kowane keke da kukansa. Ku tura masa. Mutumin da aka ba aikin yi ba ya samun lokacin sasanta auren mawaƙa. Amma idan muka cire shi, ba daga zauren waya kaɗai muka cire shi ba, daga sana'ar da ya yi shekara hamsin a ciki muka cire shi, domin wannan ce ƙofar da ta rage masa.

Saura abu ɗaya. Baba bai san da takardar nan ba. Jiya ya ce mini: "Tunda ba zan iya zuwa ba, ka ɗauko mini taron a waya." Na yi masa alkawari. Wayar ga ta nan a kan tebur, tana ɗauka tun daga sallamata, kuma ba zan yanke ko kalma ɗaya ba. Baba, ka yafe mini, na faɗi maganar da kuka yi kai da Inna a cikin ɗakinku. Ku kuma ku sani, shi ba ya taka keke idan yana sauraro, har ƙarshe yake ji.

Don haka, mai girma shugaba, ina neman alfarma: kada a yi ƙuri'ar nan da ɗaga hannu, Baba ba zai ga hannu ba. A yi ta da baki, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ke son a cire shi ya faɗa, ba sai ya ambaci sunansa ba. Baba ya san muryar kowa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka wa Inna da alheri. Allah ya sa albarka a allurarmu da zarenmu, ya tsare idanunmu, ya ba mu masu saurarenmu ranar da namu ƙarfin ya ƙare. Allah ya mayar da kowa shagonsa lafiya.

Na gode.