Ranar da Na Ce wa Babba A'a

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya buɗe mini baki. Ni ce Rahila, 'yar Mama Laraba ta Yalwawa. Aikina rubuta manhaja, abin da Mama ke kira danne-dannen kwamfuta.

Kun san tun da ɓarin jikinta ya shanye ni ke mata wanka, ni ke ba ta magani. Bara aikin da nake yi daga gida ya ƙare, ayyukan da ke samuwa kuma duk na Legas ne. Ko dai in sami wani na gida, ko in tattara in bar Mama a hannun maƙwabta.

Kamfanoni biyu na nema, matsayin babbar injiniya. Gwajin rubuta manhaja kam, ba yabon kai ba, lashe shi nake kamar ɗumamen safe. Amma da an zo zama da manyan kamfanin, sai bakina ya mutu. Haka aka rene mu: babba na magana, ido a ƙasa, amsa ɗaya ce, "to". Wata mata daga kamfani na biyu ta kira ni ta ce, "Aikinki ya yi kyau, sai dai ba mu ga wadda za ta ja wasu ba."

Na yi kuka, 'yan'uwa, kuka sosai!

Mama ta kamo ni da hannunta mai lafiya ta ce, "Ke, ladabi na koya miki, ban koya miki tsoro ba." Ta yi addu'a da bakinta da ke karkace: "Ubangiji, ka ba yarinyar nan ƙarfin faɗin gaskiya, kada kuma ka ɗauke mata kunyarta." Na ce amin, na ji ƙirjina ya yi sakayau.

Kamfani na uku suna yin manhajar asibitocin karkara. Na wuce matakan farko, aka zo na ƙarshe ta bidiyo. Sai ga shugaban injiniyoyinsu, dattijo mai furfura, sa'an mahaifina. Ya ce in tsara yadda nas za ta riƙa shigar da bayanan majiyyaci a waya. Ina cikin zane ya katse ni.

"Kin wahalar da kanki. Kowace waya ta aika wa babbar kwamfutarmu nan take, in ba ta amsa ba kada a adana komai. Ko ba haka ba?"

"To" ɗin nan ta taso har bakin harshena. Sai na tuna ƙauyen gwaggona bayan Kafin Hausa, inda sai an hau tudu ake samun sabis. Na kira sunan Yesu a zuci, na ɗaga ido na dubi kyamara.

"Yallaɓai, a gafarce ni, wannan ba zai yi ba. Mace na naƙuda, sabis ya ɗauke, nas ta tsaya jiransa? Wayar ta adana, in sabis ya dawo ta aika."

Ya tsuke fuska. "In nas biyu suka gyara bayanin mutum ɗaya fa?" Na ba shi amsa. Ya sake ja, na sake tsayawa a kan maganata. Can sai ya bushe da dariya ya ce da gangan ya kawo gurguwar shawara, don ya ga wa zai hana shi.

Haleluya! Sun ɗauke ni, kuma daga ɗakina nake aiki, ina jiyo tarin Mama ta bango. Yanzu ƙorafinta ɗaya, wai addu'ar ta zarce, don ko ta ce ba za ta sha magani ba, sai in ce, "Mama, a gafarce ni, wannan ba zai yi ba."

Na gode wa Ubangiji da bai raba ni da uwata ba. Duk mai abin da ya ɗaure masa harshe, ya kawo shi gaban Yesu, ya dogara gare shi. Ni dai ya kwance nawa. Amin.