Mai Shayar da Halbar Gishiri

Jawabin Nasir Mai-Wurno a taron tunawa da Malam Isha'aku Mai-Wayit, wanda aka yi a Waziriyya, Jidda, da yammacin wata Laraba.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa.

Malam Abdallah, limaminmu, Allah ya ƙara lafiya. Alhaji Adamu, dattijon jama'armu a Jidda, ranka ya daɗe. Iyaye da yayye da kuka taso daga Aziziyya da sauran unguwannin da muka watsu a cikinsu, sannunku da hanya. Abu Rayan, ɗan'uwanmu Sa'ud, kai ba Bahaushe ba ne, amma ka sha ƙura tare da mu har ka iya zagi da Hausa, marhaban. Hajiya Aissa, Ummu Mahadi, matar marigayi, da ke sauraro daga ɓangaren mata tare da 'yarki Hadjara, Allah ya ba ku haƙuri. Sai kai Mahadi, ɗan marigayi kuma ɗana, da ka zauna can baya kusa da ƙofa. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ba don na fi kowa iya magana aka tsayar da ni ba. Ni ne dai na fi kowa kifewa da mota a halbar Isha'aku, wato filin tserenmu, kuma kowane karo shi ke jawo ni. Sannan akwai saƙon da aka ɗora mini. Tun da muka binne shi, Mahadi bai bar Alhamis ta wuce ba sai ya ɗauki wayit ɗin ubansa, tankar ruwan nan da kuka sani, ya tafi wancan filin da aka rufe tun shekaru. Yana barin aikinsa ya tafi. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya yi masa gargaɗi na ƙarshe, kuma kun san inda iƙama, takardar zama a ƙasar nan, ke zuwa idan aiki ya tafi. Ummu Mahadi ta ce mini, "Nasir, filin nan ya cinye mini kowace Alhamis ta mijina, na yi shiru. Kada ya haɗa da ɗana. Ni ba ya jin tawa, kai ka faɗa masa a gaban mutane." To, zan faɗa. Amma sai na fara da uban.

Yaran da ke nan ba su san Halbar Gishiri ba. Kudu da Khumra take, inda gari ya ƙare teku bai fara ba, farar ƙasa mai gishiri shimfiɗe. Ba kwalta, ba rumfa, ba tikiti. Tsofaffin tayoyi ne aka jera suka nuna inda za a lanƙwasa. Duk Juma'a bayan La'asar, makanikan Nuzla da na Waziriyya, da masu faci, da masu gyaran wutar mota, kowa ya tuƙo abin da ya harhaɗa a bayan warsha, garejin da yake aiki, tsohuwar Datsun ko Kirisida wadda mai ita ya yafe. Ana gasa tsire, ana dafa shayi, ana musu da Hausar Sudan da ta Nijar da ta Chadi, Larabci na shiga tsakani. Duk mako muna kwance ƙarƙashin motocin wasu ana kiranmu "ya walad", wato "kai yaro", da furfurarmu. A can kuwa sunanka ake kira, kuma babu mai tambayarka takarda.

Isha'aku ne ya riƙe mana wannan wuri. Ya kasance mutumin da bai taɓa shiga tsere ba, ko sau ɗaya. In an tsokane shi sai ya ce shi direban ruwa ne, ruwa ba ya son gudu. Ya kasance kowace Alhamis, da ya gama kai ruwan kafilinsa, sai ya ɗauki tsohuwar wayit ɗin da ya gyara da hannunsa, ya je wani lungu na bakin teku ya cika ta, ya zo yana zagaya halba a hankali yana shayar da ita. Rana ta buga, kafin Juma'a ƙasar ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Muna yi masa dariya. Muna cewa, "Abu Mahadi, rowa har da ƙasa? Ruwan banza kawai, don babu mai sayar da teku?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Yalla, ku dai ku yi gudunku." Haka muka ɗauka dukanmu, cewa don kyauta ne yake ɗiban na teku. Babu wanda ya taɓa tambayarsa da gaske.

Ya kasance mai doka, kuma dokarsa ba ta san babba ba. Ba ka tayar da mota sai ka zagaya halba da ƙafa ka tsince duwatsu ka zuba a tsibin da ke lanƙwasar farko. Abu Rayan yana nan, ya faɗa idan ƙarya nake: ranar da ya fara zuwa da farar riga da sabuwar mota, Isha'aku ya miƙa masa bokiti. Ya kasance in mota ta kife shi ne na farko a wurin, da igiya a kafaɗa, yana kiran sunanka kafin ya iso. Tutarsa tsohon jan mayafin Hajiya Aissa ne ɗaure a sanda. Da ladan ya kira Magariba daga masallacin 'yan tireloli, zai shiga tsakiyar halba ya ɗaga mayafin nan, ko wa ke gaba.

Ni ya yi wa haka. Wata Juma'a, karon farko a rayuwata, ina gaba, Sa'ud na bayana yana cin ƙurata. Sai ga kiran salla, sai ga jan mayafi. Na fito ina huci na ce, "Ya Abu Mahadi, haram alaik, zagaye ɗaya ya rage!" Ya ce, "Halas, Nasir, an gama. Salla. Ka ƙarasa shi Juma'a mai zuwa." Da Juma'ar ta zagayo muka zo muka tarar an kewaye filin da waya, da allo wai wani kamfani zai gina ɗakunan ajiyar kaya. Muka tsaya a bakin wayar da motocinmu har rana ta faɗi. Zagayen nan har yau yana nan ban ƙarasa ba.

Ba su gina komai ba. Allon ya koɗe, wayar ta yi tsatsa. Halbar da ke hanyar Bahra ta zama wurin kwanan tireloli, ta arewa kuma an zuba mata ɓaraguzan gini. Daga baya aka rushe Nuzla, muka watse, wanda ka saba gani kullum ya zama sai a jana'iza. Yau akwai babbar halba a bakin teku, da fitilu da baƙi daga ko'ina, muna kallonta a wayar salula kamar yadda ɗan'uwanmu da ke Damagaram yake kallonta. Da farko muna zuwa Halbar Gishiri mu sha shayi a bakin waya. Sannan muka rage zuwa. Sannan muka daina.

Shi bai daina ba. Ya kasance yana shiga ta inda wayar ta faɗi, maigadi ya kau da kai, ya shayar da halbar da babu mai hawa. Na yi faɗa da shi a kan haka ba sau ɗaya ba. Na ce, "Wa kake shayar wa? Aljanu?" Ya ce, "Za su buɗe." Na ce ba za su buɗe ba. Ya ce, "To in suka buɗe suka tarar ta mutu fa? Me zan ce wa yara?" Jama'a, ban san ko wannan haƙuri ne ko taurin kai ba. Na dai san duk lokacin da na ga wayit ɗinsa ta nufi kudu ranar Alhamis, sai in ji kamar ba a gama da mu ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, Mahadi ya ɗauki makullin. Kowa a nan ya san darajar sadakar ruwa a wurinmu, musamman in ana nema wa marar lafiya sauƙi. Mahadi ya yi tunani irin na ɗan halak. Ya ce ubansa ya ƙare rayuwa yana ba ƙasar nan ruwan ɗaci don ba shi da hali, to shi zai ba ta ruwan daɗi, ruwan tahliya, tataccen da muke sha, sadaka saboda ubansa. Shi da abokinsa Rayan, ɗan Sa'ud, suka yi ta jigila, Alhamis bayan Alhamis, ba su tsaya a tanki ɗaya ba.

Ina zaune a bakin gadon ranar da ya gaya masa. Isha'aku ya tambaya da ƙyar, "An shayar?" Mahadi ya ce, da Hausarsa ta 'yan Jidda, "An shayar, Baba. Moya hilwa, ruwan daɗi, ba na teku ba. Sadaka, don ka tashi." Na ga Isha'aku ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Sannan ya lalubo hannun ɗansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya karɓa."

Da Mahadi ya fita, ya juyo gare ni ya ce, "Nasir, gishirin ne ke riƙe ta. Ruwan daɗi narkar da ita yake yi, kamar ruwan sama. Da, in an yi ruwan sama, hana ku hawa nake yi har in sake ɗaure ta da na teku. Yanzu ga nauyin wayit a kanta tana laushi." Na miƙe na ce bari in tsayar da shi, wataƙila akwai abin da ya rage. Ya riƙe mini riga. Ya ce, "Zauna. Yaro na yi mini sadaka, ka je ka ce masa ɓarna yake yi? Bar shi. Kuma kada ka faɗa masa." Na ce, "Halbar fa?" Ya ce, "Halas." Mutumin da ya yi shekaru yana cewa za su buɗe, ranar ce kaɗai na ji ya ce halas a kanta.

Mahadi, ka ɗago kai ka dube ni. Bayan jana'iza maigadi ya gaya maka abin da ruwan ya yi, ka zo warsha ka same ni kana cewa, "Ammi, ana kharrabtaha, ni na kashe ta." Ban ba ka amsa ba, domin an hana ni. Yau na karya umarnin ubanka a gaban limaminmu, kuma na san da yana nan shi da kansa zai ce in karya, tunda shirun nan ya fara cin ka. Ubanka ya sani. Yana da sauran baki, yana da sauran lokacin hana ka, bai hana ba. An ajiye masa halbarsa a gefe, an ajiye masa sadakarka a gefe, ya ɗauki sadakarka. Ba kai ka rabu da ita ba, shi ya sake ta da hannunsa.

Na je na gan ta makon da ya wuce. Ba zan yi muku ƙarya don taro ya yi daɗi ba. Ƙasar ta kumbura ta farfashe, ta koma gari, ƙafa tana nutsewa. Sawun tayoyin wayit ya yi kwari a duk zagayen. Tayoyin lanƙwasa rairayi ya binne rabinsu, ledoji sun cika waya, karnuka na kwana a inda muke gasa tsire. Tsibin duwatsunmu ne kaɗai yake nan yadda muka bar shi. Ruwan tekun da kake zubawa yanzu, ɗana, ƙasar shanye shi take yi kafin ka juya. Wannan daɓen ba mutum ɗaya ya yi shi ba. Ruwan Isha'aku ne da tayoyinmu, kowace Juma'a, shekara da shekaru. Ina tayoyin? Ina masu su? Wasu na maƙabarta, wasu an ba su fita ta ƙarshe sun koma ƙasar da ba su taɓa gani ba, mu da muka rage ga mu nan da ciwon gwiwa da maganin suga a aljihu. Ko ka ɗebe tekun duka ba za ta dawo ba. Kuma ba za su buɗe ba. Na faɗa wa ubanka, yau ina faɗa maka, ina ma a ce ni ne marar gaskiya.

Ummu Mahadi, kin ba mu mijinki kowace Alhamis, kin ba mu mayafinki, ba mu taɓa zuwa mun ce miki na gode ba. Muna faɗa yau, a makare. Hadjara, ubanki ba shi da kofi ko lambar yabo da za ki rataya, amma duk wani mai furfura a ɗakin nan ya taɓa jin ya kira sunansa yana gudu da igiya. Ranar da muka rufe shi da ƙasa, aka miƙo buta ɗaya aka yayyafa a kan kabarin. Na tsaya ina kallon yadda ta bushe kafin mu gama addu'a, na kasa cewa amin.

Muna godiya ga Malam Abdallah da Alhaji Adamu, da Abu Rayan da ya ba mu wannan wuri, da matan da suka yi girki tun safe, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Ya Allah, bawanka Isha'aku ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Ka karɓi sadakar ruwan da ɗansa ya yi masa, cikakkiya, kamar yadda shi ya roƙa. Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, shan da babu ƙishi bayansa. Ka rufa wa iyalinsa asiri a ƙasar nan, ka tsare musu abincinsu. Mu kuma da muka rage, ka ba mu haƙurin abin da ba zai dawo ba. Amin.

Mahadi, gobe Alhamis. Ka ba mahaifiyarka makullin, ka tafi wurin aikinka. Ka bar ta ta bushe.