Motar Asibitin da Muka Sayar

Merle na zaune a shagon gyaran taya a ƙauyensu na jihar Nebraska a Amurka, ransa na kan 'yarsa da ya lallaɓa ta koyi jinya don ta samu aiki a gida, a gidan jinyar da aka ce za a gina musu. Sai ya jiyo wani baƙon direba da wata tsohuwa suna hira.

"Iya, ina gidan jinyar tsofaffin sojojin da za a gina muku?"

"An kai garin gaba, ɗan nan. Kuɗin raya gari duk mun zuba a share fili da jan ruwa."

"To me ya hana?"

"Masu dubawa suka tambayi motar asibitinmu. Ita muka sayar muka ƙarasa aikin."

"Kai! Matasanku fa?"

"Duk mai ɗa dai ya saya masa akwatin tafiya."