Gwangwanin Kiyari

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni tsoho ne daga Gure, jikata ce ke rubuta mini.

Kafin yaƙin duniya na biyu, ni ke tuƙa motar kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu. Injinta na da bututu a ƙasa mai fitar da hayaƙi da ɗigon baƙin mai. Makanikenmu Kiyari ya ɗaure gwangwani a bakinsa, yana tara wa makiyaya man su shafa wa raƙuma masu ƙazwa. Kullum sai ya ce mini, "Ta nan motar ke numfashi, kada ka toshe."

Bayan rasuwarsa na cusa tsumma a bututun saboda rairayi. Ba mu kai garin Gidigir ba injin ya fesar da mai ya mutu. Can muka bar motar.

Bayan shekara biyu na bi ta wurin a kan raƙumi da rana tsaka. Rairayi ya binne tayoyin. Tsumman nan yana kan kujerata, a ninke. Mai kuwa yana ɗiga cikin gwangwanin, ɗis, ɗis. Raƙumina ya ƙi matsawa.

Malamai masu saurare, ku ba ni shawara. Na kusa tarar da Kiyari. Me zan ce masa?