Ƙwayar Ginko da Ƙahon Malam Buba

Assalamu alaikum, mai gabatarwa.

Ina neman a gyara maganar bawan Allahn da ya ce a shirinku na baya wai ƙwayar ganyen ginko ba ta da illa, tunda daga itace take. Wannan kuskure ne. Sinadaran ganyen suna iya tsinka jini, musamman ga mai shan asfirin.

Aminina Malam Buba yana shan asfirin saboda zuciya. 'Yarsa ta aiko masa da ginko domin maganin mantuwa, ya haɗa su. Da ya je a yi masa ƙaho, kamar yadda ya saba kafin azumi, jini ya ƙi tsayawa. Wanzamin ya ce, "Baba, me kake sha ne? Jininka ya koma ruwa." Sai a asibiti aka tsayar da shi.

Yanzu dattawan majalisarmu suna cigiyar ƙwayar saboda shirinku, kuma akasarinsu masu asfirin ne. Ba zan daina rubuto muku ba sai kun gayyato likita ya yi bayani.

Na haɗo da kwalin maganin, da takardar gargaɗin da ke ciki, da hoton rigar da Buba ya sa ranar.

Naku, tsohon hedimasta,
Unguwar Mayo Gwoi, Jalingo.