Shahon Alhaji Yana Cikin Akurkina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Asabe, ina sana'ar ɗinki a Bodinga.

Wani Alhaji daga wajen Shagari ya shigo da shahon farauta daga ƙasar Larabawa, sai ya kuɓuce masa. Da ƙararrawa a ƙafarsa yake shawagi bisa gidajenmu. Ranar Laraba da hantsi ya sauko tsakar gidanmu ya sure ɗan kyanwar mahaifiyata. Inna ba ta gani, kuma ɗan kyanwar nan shi ke ɗebe mata kewa. Kukansa kawai ta ji, sai ƙararrawa tana nisa. Ranar ko abinci ba ta ci ba.

Washegari ya dawo, ya biyo 'yan tsaki ya faɗa akurki. Suka watse, ni kuwa na danna murfi na aza dutse.

Da yamma direban Alhaji ya tsaya a zaure, ko gaisuwa babu, ya ce, "A miƙo tsuntsun."

Na ce, "Yana nan lafiya, har nama nake ba shi. Amma sai Alhaji ya tako da ƙafarsa ya ba Inna haƙuri."

Maƙwabta na cewa in ji tsoro, babban mutum ne. Ni Allah kaɗai nake tsoro. Ina gaida ƙanwata Hauwa'u a Sifawa. Masu sauraro, ku ba ni shawara, amma ku sani, in dai ba shi ya zo ba, dutsen nan ba zai ɗagu ba.