Ranar da Muka Binne Zumarmu

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma babban baƙonmu, kwamishinan gunduma. Limamanmu da fastocinmu. Jami'an kula da lafiyar abinci da suka taso tun daga Dodoma. Baba Maganga, shugaban masu ɗiban zuma na yankin Sikonge, da dattawan da suka rako shi. 'Yan kasuwar Tabora maza da mata. Ma'aikatan wannan kamfani da iyalansu. Da ku da kuke tsaye a bakin ƙofa saboda kujeru sun ƙare: ina gaishe ku gaisuwa ta girmamawa, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu cikin lafiya. Ina kuma gode muku ɗaya bayan ɗaya, domin wata bakwai cur ƙofar nan tana rufe, amma a cikinku akwai waɗanda ba su taɓa wucewa ta gabanta ba sai sun tsaya sun tambayi mai gadi, "Yaya Mama Milembe?" To, ga Milembe 'yar Kasanda a gabanku, da ƙafafunta, ta rame amma ba ta faɗi ba.

Shugaban taro ya ce in yi wa masu tasowa bayanin yadda ake gina kamfani. Ni ba masaniya ba ce, malamar aji uku ce ta firamare da ta tsinci kanta a cikin zuma. Abin da ya same ni kawai zan faɗa, kuma abu uku ne.

Na farko, yadda aka fara. Shekara goma sha biyar da suka wuce mahaifina ya rasu, ya bar mana amya sittin rataye a bishiyoyin dajin Sikonge. In na tashi daga makaranta sai in ɗura zumar a tsofaffin kwalabe in nufi tashar jirgin ƙasa, ina bin tagogi. Wata rana wata mata mai zuwa Kigoma ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce da ni a gaban jama'a, "Ke malama, zuma kike sayarwa ko hayaƙi? Har da ƙafar ƙuda kika haɗo mana, ita kuma nawa ce?" Duk taragon ya kwashe da dariya. Na koma gida ina kuka. Amma washegari na sayi farin yadi na koyi tacewa, na kuma shiga daji na roƙi masu ɗiba su rage hayaƙi. Ban san sunan matar nan ba, ban sake ganinta ba, amma ita ce malamata ta farko a wannan sana'a. Ku masu tasowa, ku saurari mai yabonku da kunne ɗaya, mai kushe kayanku kuwa ku ba shi duka biyun.

Na biyu, waɗanda aka gina kamfanin da su. Inji ba ya hawa bishiya, kwalba ba ta san harbin ƙudan zuma ba. Mutum ɗari uku da goma sha biyu ne suke shiga daji su yi makonni, su kawo mana abin da muke tacewa. Tun daga shekarar da muka yi rajista na ɗauki wata al'ada: kowace kaka kowane mai ɗiba zai karɓi sabon bokiti mai murfi, kyauta, domin zuma ta iso da tsabta. Da wannan muka yi suna. Daga tasha muka shiga kantunan Dar es Salaam, daga can har masu saye na ƙetaren teku suka neme mu. Sai kaina ya fara girma. Bara na ga wata babbar mota, shuɗiya, sabuwa fil, na ce lallai sai an rubuta sunan mahaifina a jikinta. Domin in same ta na dakatar da rabon bokiti, na ce ai na bara ma sun isa. Ban shawarci kowa ba.

Na uku shi ne wanda ya tara mu yau, kuma ku yi haƙuri, ya fi sauran tsawo.

A farkon wannan shekara muka tura ganguna tamanin tashar jiragen ruwa. Kafin a ɗora su aka yi gwaji, sai ga takarda: akwai ɓurɓushin maganin ƙwari a cikin zumar. Aka dawo mana da gangunan har bakin ƙofar nan. Abin da ya fi tayar mini da hankali, daga irin wannan zumar mun riga mun ɗura kwalabe mun kai kantuna.

Manajanmu Shija, ƙanin maigidana, ga shi can zaune, kuma shi ya ba ni izinin faɗin wannan. Ya same ni a ofis ya rufe ƙofa, ya ce, "Matar yaya, kwantar da hankalinki. Turawa ne masu neman aibi da madubi. Mu gauraya ta da mai kyau mu kai kasuwannin ƙauye. Wa zai gwada? Mutanenmu da ke cin tuwon ugali da hannun da suka yi feshi?"

Jama'a, zan so in ce muku nan take na kore shi. Ban kore shi ba. Kwana uku ina juya maganarsa a raina, kuma kullum tana ƙara yi mini daɗi, domin ina kallon ma'aikata arba'in da shida, ina kallon wahalar shekara goma sha biyar.

A rana ta uku Kabula, shugabar ɗakin tacewa, wadda muka fara wanke kwalba tare tun muna tsakar gidana, ta shigo ba sallama. Ta ajiye mini kwalbar zumarmu a kan tebur, saura kaɗan a ciki. Ta ce, "Mama, jikata Nshoma ba ta shan kunu sai da wannan. Kullum safe cokali biyu. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, in ci gaba da ba ta ko in daina?"

Na kasa kallon idonta. Na ce, "Ki daina."

Ta ce, "To, jikokin wasu fa, wa zai gaya musu?"

Da yammacin ranar na je gidan rediyo da kaina. Na faɗi sunana, na faɗi sunan kamfani, na ce duk mai kwalbarmu ya daina sha ya dawo da ita. Sannan na kira jami'ai na ce su zo su rufe mu. Shija ne ya tuƙa ni, kuma shi ya bi kantuna yana kwaso kwalabe har sati uku.

Amma zuciyata ba ta huce ba, ina neman wanda ya cuce ni. Na shiga shuɗiyar motar nan na nufi Sikonge a fusace. Na tarar da Baba Maganga a inuwa yana gyaran amya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Baba, ina son sunan wanda ya zuba mini guba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "'Yar Kasanda, haka uban naki ya koya miki gaisuwa? Zauna ki sha ruwa, mai laifin ba zai gudu ba."

Da na zauna sai ya sa aka ɗauko wata jarka rawaya daga bayan bukka. Tun kafin a buɗe na ji warin. Jarkar maganin feshin gonar taba ce. Ya ce, "Bokitanmu sun fashe a daji. Mun aika miki sau biyu, aka ce kina Dar es Salaam kina karɓar mota. Zuma ta nuna, ba ta jiran kowa. Mutane suka wanke abin da suka samu da toka suka zuba. Mun yi kuskure, ba mu musa ba. Amma in suna kike so ki rubuta, fara daga sama." Sannan ya kalli motar ya gyaɗa kai, ya ce, "Tana da kyau kuwa. Bokiti nawa ce?"

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Na je kama mai laifi, ashe ni na tuƙo shi tun daga Tabora.

Sauran kun sani. A gaban jami'ai muka haƙa rami a bayan gari, muka tuttule ganguna tamanin da kwalaben da aka dawo da su, muna zubawa muna rufewa da sauri don kada ƙudan zuma su kwasa su kai wa wasu. Na ga ƙarti majiya ƙarfi suna tura ƙasa suna share hawaye. Na sayar da motar, na sayi bokitai. Ma'aikata tara suka tafi neman abinci wani wuri, kuma ban riƙe su a rai ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Sauran suka zauna muna kankare tankuna da injuna, muna jiran kakar zuma.

Da zuma ta nuna a watan Yuni, 'yan sari suka cika Sikonge suna cewa, "Milembe ta mutu, ku kawo nan." An gaya mini amsar da Baba ya ba su: "Mun ji. Amma ba mu ga kabarin ba, sai mu ɗan jira." Suka jira har sababbin bokitai suka isa hannun kowa, sannan suka hau bishiya.

Ranar Talatar da ta wuce sakamakon gwajin sabuwar zuma ya iso. Na kasa buɗe ambulan da kaina, na miƙa wa Kabula. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ninke takardar a hankali kamar ba komai. Na ce, "Kabula, don Allah, za ki kashe ni!" Ta ce, "Mama, a aika a sayo wa Nshoma garin kunu." Sai guɗa ta kaure. Jami'an lafiya kuma, bayan sun bi sawun waɗanda suka sha ta farkon, sun tabbatar mana babu ko mutum ɗaya da ya kwanta. Wannan shi ne dutsen da ya fi danne mini ƙirji, kuma Allah ya ɗauke shi.

Kun san abin da na yi? Ban yi rawa ba, ban kira kowa ba. Na tafi gida da azahar na kwanta da takalmina, ban farka ba sai da rana ta fito washegari. Maigidana ya ce sau uku yana kara yatsa a hancina ya ji ko ina numfashi. Rabona da irin wannan barci wata bakwai.

Saboda haka, ya ku masu gina sana'a, ina roƙonku: ku kula da ƙaramin abin da ke hannun wanda ya fi nisa da ofishinku. Ku ajiye kusa da ku mutumin da zai shigo muku ba sallama. In kuma ranar ta zo, kuma za ta zo, da gaskiya za ta ci duk abin da kuka tara, ku bar ta ta ci. Ni na bari, kuma ga ni ina iya kallon idon kowa a cikin wannan rumfa.

Allah ya tsare masu hawa bishiya, ya sauko da su lafiya. Allah ya ba dajinmu ruwa da fure. Allah ya sa albarka a hannun ma'aikatanmu, waɗanda suka zauna da waɗanda suka tafi. Allah ya raya mana yaranmu, kada ya sa abin da zai cutar da su ya sake fita ta wannan ƙofa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Kabula, makullin yana hannunki. Buɗe mana.

Na gode.